Tanti, Takalmi da Igiya: Me Za Ka Saya Kafin Ka Nufi Duwatsun Dass ko Tula?

Duk mai shirin tayar da mota ya kwana a duwatsun Dass, ko Zaranda da ke hanyar Jos, ko tsaunukan Tula a Kaltungo, ya fara tunanin inda zai shimfiɗa haƙarƙarinsa. Wuraren nan ko falalen dutse ne ko ƙasa mai tsakuwa, kuma da wannan ake zaɓen kaya.

Tanti iri biyu ne. Akwai mai sanduna biyu masu gittawa da ke tsayar da shi da kansa kamar ƙwarya a kife, akwai kuma wanda sai an kafa turaku an ja igiyoyi. Matsalar na biyun ita ce turke ba ya shiga dutse. Ɗauki na farkon, ka ɗaure igiyoyinsa a manyan duwatsu saboda iska. Sandunan alminiyam sun fi na fayiba, domin na fayiba tsagewa suke yi idan iska ta lanƙwasa su. In da damina za ka je, duba lambar jure ruwa a jikinsa, kada ta gaza milimita 2,000, kuma a ce an manne ɗinkin da tef ta ciki. Wanda aka rubuta na mutum uku, mutum biyu da jakunkunansu yake ɗauka.

Wasu kan ce tamfol da gidan sauro sun wadatar. Don inuwar rana, haka ne. Don kwana kuwa, a'a: yankin Kaltungo ya yi suna da kububuwa, har akwai asibitin saran maciji a garin, ga kunama a ƙarƙashin duwatsu. Sai tanti mai ɗinkakken ƙasa da zif mai rufewa ruf. Ja zif ɗin sama da ƙasa tun a shago, don shi ƙurar hunturu ke fara kashewa.

Katifar hurawa akwai daɗi, amma ƙaya ɗaya ta gama da ita. Shimfiɗar roba mai kaurin santimita 1 ta fi ta ƙarko, ta kuma fi tabarma tare sanyin dutse a Disamba da Janairu.

A takalmi, but na gwanjo mai rufe idon sawu ya fi sabon kambas mai sulɓin ƙasa. Aibin gwanjo shi ne tsufa: soson da ke tsakanin tafi da fata kan ruɓe ko da saman yana sheƙi. Lanƙwasa shi sosai, ka danna gefen da farce. In ya yi gari ko ya buɗe baki, ajiye shi. Gwada shi da safa mai kauri, ka bar sararin yatsa ɗaya a gaba, in ba haka ba farcenka zai sha wuya a gangara.

Igiya kuwa ba wurin neman rangwame ba ce. Ta nailan da ake jan guga ko ɗaure kaya ba a saƙa ta don tare mutum ba. Ko ta tsinke a kaifin dutse, ko ta fizge shi ƙarfin faɗuwar ya sauka a ƙugu da gadon baya. Ta hawan dutse tana ɗan miƙewa ta shanye fizgar. Nemi mai alamar EN 892 ko UIAA, wato shaidar an gwada ingancinta don hawan dutse, kauri milimita 9.5 zuwa 10, tsawo mita 60, kuma sabuwa fil, tunda ba ka san abin da ta gwanjo ta sha ba. Ƙugiyar ƙarfen da ake maƙala igiyar a ciki, a ga ƙarfinta bugagge a jiki, aƙalla 20 kN (kilonewton, ma'aunin ƙarfin jan da za ta iya jurewa). Masu kama da ita da ake rataya makulli buɗewa suke yi. Wanda bai koyi ɗauri da riƙe abokin hawa a hannun gwani ba, gara ya bi hanyar ƙafa, ya gaida mai unguwa, ya biya ɗan gari ya yi masa jagora. Wanda ya sayi igiyar kuma, ya sa ta a jakarta, nesa da batir a but ɗin mota, domin ruwan batir yana cin zarenta ba tare da an ga alama ba.