Madubin hangen nesan da raɓa ta rufe ranar da shirwa ke tsallakowa

Wata biyu na yi ina tara kuɗin madubin nan mai lamba 10x42, wanda ake tallarsa da cewa ruwa ba ya shigarsa. Wanda ya san shi ya san kuɗinsa, kuma ga mai aikin lodi irina a tashar jiragen ruwa ta Aljasiras, a kudancin Sifaniya, ba ƙaramin abu ba ne. Dalili ɗaya ya sa na saye shi: tsuntsaye masu farauta da ke barin Afirka su tsallako Turai daga ƙarshen Fabrairu.

Ranar farko kam, wallahi na ji daɗinsa. Na ɗora shi a kan wata shirwa da ta sauka a kan turken lantarki, na ga bakinta baƙi wuluk. Tamu ta gida, wadda muke kora da ihu a Haɗeja idan ta kawo wa 'yan tsaki sura, bakinta rawaya ne. Wannan 'yar'uwarta ce da ke ƙyanƙyasa a Turai, ta je ta yi hunturu a yankin Sahel, wajen Muritaniya da Senegal da Mali, sannan ta juyo. Shekara uku ina ganinsu da ido kawai, ban taɓa rabe wannan bambancin ba sai da madubin nan. A daren na kira ƙanena na ce masa kuɗina bai tafi a banza ba.

Sai ga ranar da ta ɓata komai. Mako na biyu na Maris ne. Kwana uku iskar gabas, wadda mutanen nan ke kira lebante, tana kaɗawa da ƙarfi, tsuntsaye sun maƙale a ɓangaren Maroko. Su irin waɗannan ba sa son teku, domin da ɗumin da ke tasowa daga ƙasa suke hawa sama suna shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba, ruwa kuwa ba ya ba su wannan ɗumin. Shi ya sa suke taruwa a mashigin Jibralta, inda tsakanin nahiyoyin biyu bai wuce kilomita 14 ba a wurin da ya fi ƙunci. Da iska ta juya ta koma ta yamma, kowa ya san za a yi ambaliyar tsuntsaye, kuma iskar yamma tana tura su gabas, wajen Punta Karnero, wani tudu a bakin teku kusa da Aljasiras. Na roƙi abokin aikina ya riƙe mini aikin ranar, na isa can tun kafin hantsi, da madubina da 'yar na'urar tasbihin da nake dannawa ina ƙirge.

Yayyafi aka yi, yayyafi fa, wanda ko rigata bai jiƙa sosai ba. Bai kai minti 20 ba ya ɗauke, rana ta fito. Shirwa suka fara ɓullowa daga wajen Dutsen Musa da ke ɓangaren Maroko, ƙasa-ƙasa, suna kaɗa fiffike a gajiye. Ƙa'idar masu ƙirge ita ce ba a ƙirga su suna zagaye a sama, sai sun miƙe sun jeru, a ɗauke su goma-goma, don kada a ƙirga ɗaya sau biyu. Na kai 180 ke nan sai na ga idon hagu na madubin ya yi dishi-dishi. Na goge gilashin da ƙyallen da suka haɗo, ba canji. Na sake gogewa. Ashe raɓar daga ciki take. Kafin minti biyar na dama ma ya bi sahu, komai ya koma fari fat kamar hazon Disamba a Kano.

A daidai lokacin wani dattijo da ke gefena ya yi ihu yana nuna teku. Gaggafa ce mai cin macizai, cikinta fari, ga babban kai kamar na mujiya, ta taso ƙasa sosai, ƙarfinta ya kusa ƙarewa, ga fararen tsuntsayen teku masu rawayan ƙafa sun yi mata taron dangi suna dukanta. Haka suke yi wa gaggafar da ta gaji, wata har sai sun tura ta cikin ruwa. Duk wanda ke kan tudun ya yi tsit, madubi a fuska. Ni kuwa ina tsaye da nawa a hannu, ɗigo kawai nake hangowa. Da matar dattijon ta lura ta miƙo mini nata, gaggafar ta riga ta shige bayan tsauni. Sun ce ta kai gaci. Na gode wa Allah, amma abin da na tara kuɗi don in gani, a bakin wasu na ji shi. Ƙirgen ma a 180 ya tsaya, alhali har bayan azahar suna wucewa.

Na rubuta wa mai sayarwa a daren. Kwana huɗu kafin ya amsa, ya ce in aiko hoton raɓar. Ina raɓa bayan kwana huɗu? Ta bushe, ta bar tabo a gilashin ciki inda hannu ba ya kai. Na aika hoton tabon, ya ce wai ƙila na tsoma shi a ruwa. A kwalin an rubuta cewa an cika shi da iskar naitirojin an toshe. Abin da aka toshe da gaske, yayyafi ba ya ratsa shi.

Don kada in zalunce shi, idan gari ya bushe yana aiki. Ranar Lahadin da ta wuce na je wajen garin Tarifa, a bakin mashigin, da shi, na raba shirwa da ƙaramar gaggafa tun daga nesa, ba nauyi a wuya, har na fara tunanin in aika wa ƙanena shi ya riƙa zuwa Dagona, matattarar tsuntsaye a jihar Yobe, da shi, tunda can ba ruwan sama sai damina. Sai na tuna ƙofar da ruwa ya bi, ƙurar hunturu ma za ta bi. Ga robar idon dama da ta fara sakwarkwacewa tun ba a yi wata guda ba, sau biyu ina tsintar ta a ƙasa.

Tauraro biyu na ba madubin a matsayin maki, ɗaya na bakin shirwar nan ne. Shahon da ke haƙar sheƙar zanzaro yana fara tsallakowa a ƙarshen Afrilu, daga dazuzzukan Afirka ta Yamma, kuma dattijon ya ce zai ara mini tsohon madubinsa. Mai sayarwa kuwa yau kwana tara ke nan bai amsa saƙona na uku ba.