Labarin Ohio: a nan sai an tambaye ka kafin a ƙara maka haraji

Assalamu alaikum mutanen gida, da fatan kowa yana lafiya, ya fama da tsadar rayuwa, Allah ya kawo mana sauƙi. Kusan duk wanda muka yi waya da shi tambayoyin ɗaya ne, nawa ne shinkafa a can, da gaske ba a ɗauke wuta, wai makarantar yara kyauta ce har da motar kai su? To yau na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, don amsar ta fi ƙarfin saƙon murya na minti biyu.

Ni dai a Columbus nake, babban birnin jihar Ohio a Amurka, cikin gundumar Franklin. Maganar kaya ba zan daɗe a kai ba, akwai komai, shinkafa, manja, garin rogo, naman halal duk ana samu a shagunan 'yan Somaliya da 'yan Afirka ta Yamma da ke bakin titin Morse da Cleveland Avenue, sai dai daddawa da kuka da yajin gida sai wani ya zo maka da su. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne kuɗin da ka gani a jikin kaya ba shi za ka biya ba. Ka ɗauki takalmi an rubuta dala 100, in ka je wajen biya a ce maka 108, saboda harajin sayayya kashi 8 cikin 100 ne a gundumarmu. Kayan abinci da za ka kai gida ka dafa kam babu haraji a kansu. Kuma wannan 8 ɗin da 7.5 ne, mu da kanmu muka ƙara shi. A watan Nuwamban 2024 hukumar motocin bas ta gari, COTA, ta kawo tambaya a takardar ƙuri'a, ta ce tana so a ƙara rabin kashi ɗaya domin a buɗe layukan bas masu sauri, a ƙara yawan zirga-zirga, a yi hanyoyin masu tafiya a ƙasa da na keke, mutane suka ce eh, daga watan Afrilun 2025 kowa ya fara gani a rasit ɗinsa. Ni eh na zaɓa, saboda na san wahalar da sababbin zuwa ke sha, mutum ba shi da mota, aikin sito yake yi a bayan gari, ya tsaya cikin ƙanƙara yana jiran bas yatsunsa kamar su tsinke.

To nan ne maganar take. Duk abin da kuke gani a hoto kuna cewa Amurka ta ji daɗi, laburare mai kwamfuta da intanet wanda ko sisi ba ka biya, wuraren shaƙatawa, motar kashe gobara da ke zuwa kafin ka gama ihu, bas mai ruwan ɗorawa da ke ɗaukar yara da safe, yawancinsu ba daga Washington kuɗin ke fitowa ba, daga aljihun mutanen garin yake fitowa, kuma galibi kafin a taɓa aljihun sai an tambaye su. Tun 1912 tsarin mulkin Ohio ya ba jama'a ikon kawo doka da kansu ko su soke wadda majalisa ta yi. Har gidan zoo na Columbus akwai kason da yake samu daga harajin gidaje wanda sai mutanen gundumar sun sabunta masa. Harajin albashi na birni ma haka, da kashi 2 ne, a 2009 aka tambayi mutane suka yarda ya koma 2.5.

Bari in daɗe a kan makaranta don ita ce ta fi damuna, ina da yara. Gaskiya ne ba na biyan kuɗin makaranta, babu kuɗin zango, babu wanda zai koro yaro gida. Amma kyautar daga harajin gidaje take. Abin da suke kira lebi, hukumar makarantun yankinku ce za ta ce kuɗi bai ishe ta ba, sai ta sa tambaya a ƙuri'a, ta faɗi mil nawa take so. Mil ɗaya shi ne dala 1 a kan kowace dala 1,000 ta ƙimar da ake yanka wa haraji, ita kuma ƙimar kashi 35 cikin 100 ce na kuɗin gidan a kasuwa, wato in gidanka ya kai dala 100,000, mil ɗaya dala 35 kenan a shekara. A Nuwamban 2023 makarantun Columbus suka nemi mil 7.7, ka lissafa, kusan dala 270 kenan a shekara ga mai gidan dala 100,000, gaba ɗaya abin da za a tara ya kusa dala miliyan 100 duk shekara, kaso mafi tsoka na gyara da kula da gine-gine ne, sauran na tafiyar da makarantun. Mutane suka amince. Abin da ya burge ni wallahi shi ne kafin ranar zaɓe kowa ya san lissafin nan, tsohuwa a layin banki za ta faɗa maka nawa zai hau kanta, kuma akwai shafin intanet na ofishin mai binciken kuɗi na gunduma da za ka sa adireshin gida ya nuna maka harajinsa da inda kowace dala ke tafiya.

Kada mai haya ya ce ba ruwansa, mai gida zai zuba maka shi a kuɗin haya in shekara ta zagayo, mu masu haya mun san wannan sarai.

Za ku ce me ya sa kullum sai sun dawo roƙo? Akwai wata doka ta 1976 da ake kira House Bill 920, ita ta hana kuɗin lebin da aka zaɓa ya riƙa ƙaruwa don kawai farashin gidaje ya tashi, to albashin malamai na hawa, man bas na hawa, kuɗin shiga na nan inda yake, dole bayan 'yan shekaru hukuma ta sake zuwa gaban jama'a. In kuwa aka ce a'a, a jikin yara ake gani. Dokar jihar ba ta tilasta a ɗauki 'yan babbar sakandare a bas ba, don haka shi ake fara yankewa, sai a rage malamai, a cika aji, a ce duk yaron da zai buga ƙwallo sai iyayensa sun biya. A 2009 makarantun South-Western da ke nan kudu maso yammacin gari, wajen Grove City, lebinsu ya faɗi, aka soke wasanni da duk harkokin bayan tashi daga aji baki ɗaya, iyalai suka riƙa kwashe 'ya'yansu, sai da aka sake ƙuri'a a watan Nuwamba ya wuce da ƙyar sannan abubuwa suka dawo.

Amma fa kada ku ɗauka aljanna ce, akwai zalunci a cikin tsarin kuma yana ci min rai. Tunda kuɗin daga darajar gidaje yake, unguwar masu kuɗi mil kaɗan za su sa su tara maƙudai, unguwar talakawa kuwa ko sun matse kansu abin da za su tara bai taka kara ya karya ba. Ka shiga makaranta a Dublin ko Upper Arlington ko New Albany, ka dawo ka shiga wata a tsakiyar gari, tafiyar minti 20 ce a mota amma sai ka rantse ba ƙasa ɗaya kake ba. Shi ya sa in ɗan uwa zai kama haya a nan abin da muke fara tambayarsa ba ɗaki nawa ba ne, wace gundumar makarantu gidan ya faɗa, don adireshinka shi ke zaɓa wa ɗanka makaranta. Kotun ƙolin jihar ma tun 1997, a shari'ar DeRolph, ta ce wannan dogaro da harajin gidaje ya saɓa wa tsarin mulkin Ohio, ta sake maimaitawa har zuwa 2002, an yi gyare-gyare amma har yau lebi ne ke riƙe da makarantu.

Wurin zaɓen kansa zan so ku gani. Kusan wata guda kafin ranar ake buɗe zaɓen wuri a ofishin hukumar zaɓe ta gunduma da ke titin Morse, wani tsohon katafaren kanti ne aka mayar ofis, za ka ga layi ya zagaye gini, mata 'yan Somaliya da manyan hijabai, tsofaffin turawa da sandunansu, a bakin layi wasu na miƙa maka takarda ka zaɓi eh wasu ka zaɓi a'a, ba mai zagin wani. Ka nuna katin shaida mai hoto, wanda tun 2023 ya zama dole, a ba ka takarda. Bayan sunayen 'yan takara sai tambayoyi su biyo, na jiha, na gunduma, na birni, na makaranta, har a gangaro kan na 'yar mazaɓarku. Nan ne na ga abin da ban taɓa zato ba, an rubuta sunan wani shago da adireshinsa ana tambaya shin a bar shi ya sayar da giya ranar Lahadi? Mutanen 'yan layukan da ke kewaye da shagon ne kaɗai ke da bakin magana. Na danna a'a da zuciya ɗaya. Sai dai wanda ba ɗan ƙasa ba ba ya zaɓe ko na unguwa ne, a 2022 aka rubuta hakan ƙarara a tsarin mulkin jihar, don haka da yawa daga cikin mutanenmu masu katin zama suna biyan harajin amma ba a jin ta bakinsu.

Kuma ba kullum abin da kake so ke wucewa ba. A wannan zaɓen na Nuwamban 2023 mutanen jihar suka halatta wiwi ga wanda ya kai shekara 21, wajen kashi 57 suka ce eh. Na yi baƙin ciki ƙwarai, ina tarbiyyar yara a gari, amma an tambaye ni, na faɗi nawa, aka fi ni yawa.

Maganar fili ita ce ta fi tuna min da gida. Mu a can Najeriya tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, sai ka wayi gari ka ga an yanka filin ƙwallon unguwa ko gefen makarantar firamare an jera shaguna, ko gidan mai ya tsiro a jikin katangarka, ba wanda ya ce maka ci kanka. A nan in za a canza amfanin fili, daga gona zuwa rukunin gidaje misali, sai an kafa allo a wurin, an aika wa maƙwabta takarda, an yi zaman sauraron jama'a, kuma a ƙananan garuruwan da ke kewaye in hukuma ta amince mutane ba su so ba, suna iya tara sa hannu su kai maganar ƙuri'a su rushe ta. Yana da kyau, amma shi ma da nasa ciwon, don sau da yawa masu gida ne ke amfani da shi su hana a gina benayen haya kusa da su, alhali garin cika yake yi, tun ma ba da kamfanin Intel mai ƙera sassan kwamfuta ya sanar a 2022 cewa zai kafa masana'antar dala biliyan 20 a wajen New Albany ba. Gidaje sun yi kaɗan, haya sai hawa take. A 2022 dai mutanen Columbus sun amince birni ya ciwo bashin dala biliyan 1.5, a ciki an ware miliyan 200 don gidaje masu sauƙin kuɗi, muna nan muna zuba ido.

Dokar zaɓen kanta ma ana kawo ta ƙuri'a. A ƙuri'ar ranar 8 ga Agustan 2023 'yan majalisar jiha suka nemi a ce daga yanzu gyaran tsarin mulki sai ya samu kashi 60 maimakon rinjaye kawai, kuma masu tara sa hannu sai sun zagaye duka gundumomi 88 maimakon 44. Cikin zafin Agusta, lokacin da ake ganin ba mai fitowa, mutane suka yi dafifi, kusan kashi 57 suka ce a'a. A Nuwamban 2024 kuma aka kawo shawarar a ƙwace shata iyakokin mazaɓu daga hannun 'yan siyasa a ba kwamitin mutum 15 na talakawan gari, wannan ta faɗi, kuma an yi ta rigima a kan yadda aka tsara kalmomin tambayar a takarda, har sai da aka je kotu. Siyasa dai siyasa ce ko ina, su ma suna da dabarunsu.

Na san za a ce ai mu ma kotun ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, Allah ya sa a gani a ƙasa. Ni abin da nake wa gida kwaɗayi bai ma kai nan ba, ace mai shago a kasuwa da ake zuwa ana yankar masa rasit iri-iri ya san nawa aka tara a shekara, aji nawa aka rufe wa kwano da shi, kuma in za a ƙara a zo a tambaye shi. Mutanenmu ba ƙin biya suke ba, ku duba yadda unguwa ke haɗa kuɗin gyaran taransfoma ko gina Islamiyya cikin sati biyu in sun yarda da mai riƙe kuɗin.

A 2025 maganar da ta yi tashe a nan ita ce ta masu son a soke harajin gidaje ɗungurungum. Abin ya samo asali ne daga sake ƙimanta gidaje da aka yi a 2023, inda a gundumarmu darajar gidajen zama ta tashi da kusan kashi 40, harajin bai tashi daidai da haka ba amma ya tashi wa mutane da yawa. Maƙwabciyata tsohuwa ce mai fansho, ta gama biyan bashin gidanta tuntuni, ta nuna min takardar harajinta hannunta na rawa, ta ce ita 'ya'yanta sun girma, me ya sa za a kore ta daga gidanta da haraji, ta sa hannu a takardar masu neman sokewar. Na tausaya mata har cikin raina. Ni da suka tare ni a bakin laburare ban sa ba, na tambayi matar da ke riƙe da takardar to in an soke da me za a biya malaman 'ya'yana da 'yan kwana-kwana, ta ce majalisa za ta nemo hanya, na ce mata sai na ga hanyar tukuna.