Gargaɗi ga maharba: hattara da masu tallar harsashi na musamman na harbin nesa

Tun ƙarancin harsashi da aka yi a Amurka a 2020 da 2021, lokacin da kantunan kayan farauta suka zama wayam, 'yan damfara suka gano cewa maharbin da ke neman harsashin harbin nesa mutum ne mai sakin kuɗi. Ƙarancin ya wuce, su ba su tafi ba. Tallarsu kusan iri ɗaya ce a Facebook da Instagram da Telegram: wai za su haɗa maka harsashi daidai da bindigarka, mai lamba 6.5 Creedmoor ko .308 Winchester ko .300 Winchester Magnum, wanda zai kayar da babbar barewa daga yadi 1,000, kuma a rabin farashin kanti. 'Yan'uwanmu da ke zaune a can suna farauta da lasisi su ne abin harinsu na farko, amma tallar tana isowa har wayoyin mutanenmu na gida.

Kashi biyu ne. Akwai wanda ba shi da ko harsashi ɗaya, kuɗinka kawai yake so. Akwai kuma wanda zai aiko da kaya, kuma shi ne ya fi haɗari, domin na farko aljihu yake taɓawa, na biyu kuwa ido da yatsu.

Na farko ba shi da wuyar ganewa. Shafinsa sabo ne, idan ka bincika rajistar sunan shafin za ka ga watanni kaɗan ke nan da buɗe shi, alhali yana cewa ya shekara ashirin a sana'ar. Hotunan na wasu kamfanoni ne. Duk abin da ya ƙare a ko'ina, shi yana da shi. Idan aka zo biya, sai ya ce na'urar katin banki ta lalace, a tura ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ko Cash App ko kuɗin kirifto ko katin kyauta, ko ta PayPal a matsayin kyauta ga aboki. PayPal ya haramta cinikin harsashi gaba ɗaya, Zelle kuma ba ya ba mai saye kariya, don haka kuɗin da ya fita ya fita. Bayan kwana biyu sai saƙo ya zo daga wani kamfanin jigila na bogi: kaya sun maƙale, a biya kuɗin inshora da za a mayar. Ba a mayarwa. Duk wanda ya ce zai aiko da harsashi ta gidan waya na Amurka ma ya tona kansa, domin dokar gidan wayar ta hana ɗaukar harsashi.

Abu na farko da za ka nema shi ne lasisi. A Amurka, mai ƙera harsashi don sayarwa sai da lasisin tarayya daga ATF, hukumar da ke kula da harkar bindigogi, lasisin da ake kira nau'i na 06, ko na 07 ga wanda ke ƙera bindigogi ma. Dokar ta haɗa har da wanda kan harsashi kaɗai yake ƙerawa, ba tare da kwanso da albarushi ba. ATF tana da shafin tantancewa mai suna FFL eZ Check, inda ake saka lambobi uku na farko da biyar na ƙarshe na lasisin, sai suna da adireshi su fito, amma shafin ba ya tantance lasisin nau'i na 06. Wasu suna satar hoton lasisin kanti na gaskiya, saboda haka ka nemo lambar wayar kantin da kanka, ka kira, ka tambaya ko su ne ke wannan talla.

Yanzu ga inda muke so a tsaya a natsu, wato maganar "na musamman". Harsashin da aka haɗa wa bindiga ɗaya, da wannan bindigar ake haɗa shi. Mazaunin harsashi a bindigogi biyu masu lamba ɗaya ba ya zama daidai, haka tazarar da ke tsakanin kan harsashi da farkon tsagin bututu, wato murɗaɗɗen tsagin da ke cikin bututun bindiga yana juya kan harsashi. Mai sana'ar gaskiya zai karɓi bindigar, ko ya nemi kwanson da aka harba a cikinta, ya tambayi tsawon bututu da murɗin tsaginsa, sannan ya aiko da 'yan samfura ka gwada kafin ya haɗa da yawa. Wanda bai tambaye ka komai ba face lambar bindiga da adireshi, ba na musamman yake sayarwa ba, abin da ya ɗura ne kawai ya canza masa kwali.

Murɗin tsagin nan ba ƙaramin abu ba ne. Kan harsashi mai tsawo yana bukatar murɗi mai sauri kafin ya tsaya daidai a iska. Shi ya sa yawancin bindigogin 6.5 Creedmoor suke zuwa da juyi ɗaya a kowane inci 8, na .308 kuma a inci 10 zuwa 12. Ka saka dogon kai a bututu mai jinkirin murɗi, sai ya riƙa tangaɗi, ya bugi takardar gwaji a kaikaice ya bar doguwar huda maimakon zagayayya.

Sai matsin wuta. Ƙungiyar SAAMI, wadda ke tsara ma'aunin harsashi a Amurka tun 1926, ta sa iyakar .308 Winchester da 6.5 Creedmoor a fam 62,000 kan kowane murabba'in inci, ta .300 Winchester Magnum kuma a 64,000. A Turai hukumar CIP ce ke wannan aiki. Maƙaryacin mai talla yana jan hankali da gudu: zai ce nasa ya fi na kamfani da ƙafa 200 a daƙiƙa. Wannan ƙarin ba daga sama yake faɗowa ba, daga ƙetare iyakar matsi yake zuwa, kuma ba shi da na'urar auna matsin. Ƙari a kan haka, ɗurin da ya zauna lafiya a sanyin hunturu yana iya haurawa idan harsashin ya sha rana a cikin mota. Alamomin a bayyane suke: sakatar bindiga ta yi tauri wajen ɗagawa, ɗan maɓallin kunna wuta da ke gindin kwanso ya baje ko ya huje ko ya faɗo, wani tabo mai sheƙi ya fito a gindin kwanson, ko zobe mai haske ya bayyana kusa da gindi, alamar kwanson na shirin rabuwa biyu. Ka ga ɗaya daga cikinsu, ka tsaya a nan. Haka idan harbi ya yi ƙara mai rauni ba kamar sauran ba: kada ka sake harbawa sai ka cire sakata ka leƙa bututu, domin mai yiwuwa kan harsashin ya tsaya a ciki, kuma harbi na biyu a kansa ne ke fasa bindiga.

Kada ka dogara da auna harsashin da aka riga aka ɗura a sikeli don gano yawan albarushinsa. Nauyin kwanso kaɗai yana bambanta har ya rufe kuskuren ɗurin, kuma sikeli ba ya gaya maka ko albarushin ƙaramar bindiga mai saurin ci aka zuba. Abin da za ka iya dubawa shi ne kwanson: tambarin gindinsa ya zama na kamfani ɗaya, ba gauraye ba, babu tsaga a wuya, babu alamar an sha harba shi aka goge aka ce sabo ne. Kaurin kai kuma a auna shi: inci .308 ga .308 Winchester, inci .264 ga 6.5. Kai mai inci .311 na .303 British ne, ba na bindigarka ba.

Akwai wata ƙarya da ba ta fasa bindiga amma tana cutar da dabba. Suna ƙara lambar da ke nuna yadda kai ke ratsa iska, ko su ba da ta ma'aunin G1, wadda ta fi girma a ido, ba tare da sun faɗi ba, alhali G7 ce ta fi dacewa da dogon kai. Sannan ɗurinsu ba ya daidaita. Bambancin ƙafa 50 a daƙiƙa tsakanin harbi da harbi yana sauya wurin faɗuwa da fiye da inci goma a yadi 1,000, wato tsakanin ƙirji da ƙafa. Wasu kuma kan gasar harbi suke sayarwa da sunan na farauta, bayan kamfanin Sierra mai ƙera kan harsashi da kansa ya ce kan gasarsa mai suna MatchKing ba don farautar manyan dabbobi aka yi shi ba. Kan jan ƙarfe zalla, irin wanda maharban Kalifoniya suka koma wa tun da jihar ta hana farauta da dalma a Yulin 2019, yawanci yana bukatar gudun ƙafa 1,800 zuwa 2,000 a daƙiƙa kafin ya buɗe a jikin dabba, kuma a .308 gudun ya sauka ƙasa da haka tun kafin yadi 800. Sakamakon shi ne dabba ta tafi da rauni ta mutu a daji bayan kwanaki. Wannan zalunci ne, kuma mai tallar ba zai gaya maka ba.

Ga mutanenmu na Najeriya da Nijar, maganar gajeriya ce. Duk wanda ya ce zai aiko maka da harsashi daga Amurka zuwa Kano ko Maraɗi a ɓoye cikin kayan gyaran mota, ko dai ɓarawo ne ko yana tura ka kurkuku. Fitar da harsashi daga Amurka sai da izinin gwamnatinta, shigo da shi Najeriya kuma Dokar Makamai ta 1959 ta hana sai da lasisi.

Wanda aka riga aka damfara a Amurka, ya adana hotunan hirar da shaidar biya, ya kira bankinsa a ranar. Idan da katin bashi ya biya, doka ta ba shi kwana 60 daga fitowar takardar lissafi ya ƙalubalanci cajin. Ya kai ƙara sashen IC3 na FBI mai karɓar ƙorafin laifukan intanet da hukumar FTC mai kare masu saye, ya sanar da ATF idan mai tallar ba shi da lasisi. Harsashin da ake shakka a kansa kuwa, kada a harba shi don gwaji, kada a sayar wa wani, kada a jefa a shara ko a wuta. A kira ofishin 'yan sanda na yankin ko filin koyon harbi a tambayi yadda suke karɓarsa.