Tsohon babur ɗin Ingila: wane inji za ka saya in a gida za ka farfaɗo da shi?

Wanda ya ga Triumph Bonneville tana ƙyalli a hoto, da wuya ya tambayi abin da ke cikin cikinta. Amma kai da za ka kwance injin a garejinka, fenti ba naka ba ne. Tambayoyinka biyu ne: ana samun kayan gyaransa kuwa, kuma wane aiki ne zai fi ƙarfin hannunka har sai ka kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe?

Mu fara da ƙaramin, BSA Bantam. Kamfanin BSA na Birmingham ya fito da shi a 1948 da inji mai cc 125, bisa zanen DKW RT125 na Jamus da aka karɓe bayan yaƙin duniya na biyu, aka yi ta ƙera shi har 1971, ya kai cc 175. Irin injin nan ne da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, ba bawul, ba sarƙar taimin, silinda ɗaya tak. Mutum ɗaya zai ɗauke shi ya aza kan tebur. Ga ɗan koyo ba kamarsa. Sai dai kirankishaf ɗinsa, wato sandar da fistan ke juyawa, matse shi aka yi da injin matsi, ba za ka raba shi da guduma a tsakar gida ba. Kuma in ka gama, babur ne na yawon unguwa, kada ka sa ran tsere.

Royal Enfield Bullet kuwa sa'arsa ita ce Indiya. Tun tsakiyar shekarun 1950 aka fara haɗa shi a Madras, wato Chennai ta yanzu, don haka kayansa a yalwace suke, da araha. Ingancinsu ne bai zama ɗaya ba, sai ka auna kowane abu kafin ka ɗaura.

A kan masu silinda biyu ake tafka muhawara. Bonneville T120 mai cc 650 ta fito a 1959 daga masana'antar Meriden kusa da Coventry. Daga 1963 aka haɗe inji da akwatin giya cikin gida ɗaya, kuma irin wannan nake ba mutum shawara ya nema, ko T140 mai cc 750 da ta biyo baya a 1973. Dalili, kusan komai nata, daga fistan zuwa ɗan ƙaramin wosha, har yau ana ƙera sabo. Amma akwai tarko a cikinta. Injin ba shi da matatar mai ta kirki. Wani bututu ne aka ɓoye cikin kirankishaf, yana tara dauɗar mai yayin da yake juyawa. In ka cire toshiyarsa, wadda sau da yawa sai da dabara take fita, za ka tarar da baƙar laka ta daskare kamar busasshen kwalli, sai da tsinken ƙarfe ake ƙwaƙulo ta. Idan bututun ya cika, mai ba ya isa hannun fistan na hagu, inji ya ci kansa. Saboda haka in mai sayarwa ya ce maka "an yi masa aiki", tambaye shi ko an raba gidan injin biyu an wanke bututun nan. In ya fara kame-kame, ka san sama-sama aka yi, ka rage farashi.

BSA A65, ita ma cc 650 ce, ta fito a 1962, kuma galibi ta fi Triumph sauƙin kuɗi. Rauninta a ɓangaren dama yake: bushi aka sa wa kirankishaf maimakon boris, kuma ta nan mai yake shiga. Da bushin ya ci, ƙarfin mai ya faɗi. Ana iya mayar da shi boris, amma wannan aikin ƙwararru ne, kuɗinsa na iya cinye rangwamen da ka samu.

Norton Commando, wadda aka fara nunawa a 1967, ta fi su daɗin hawa saboda robobin da suka raba inji da firam. Ta kuma fi su cin aljihu. In za ka saya, mai cc 850 ta fi kwanciyar hankali. Injinta mai suna Combat na 1972 ya yi ƙaurin suna wajen cinye manyan boris, sai da aka koma wa irin da ake kira Superblend.

Ko wanne ka zaɓa, kafin ka biya ka cire kan silinda ka auna. Fistan na ƙari kan zo da 20 ko 40 ko 60 cikin dubu na inci, a rubuce a samansa. In ka ga 60, an kusa ƙure silindar, sai sabon hannun riga, wato bututun ƙarfe da ake zura wa cikinta, ko wata silinda. Duba gidan injin ko akwai walda ko tsagewa. A Triumph, lambar inji da ta firam ya kamata su zo ɗaya, kuma hakan na ƙara wa babur daraja. Injin da aka kawo maka a warwatse cikin kwali, ka ɗauka wani abu ya ɓata, ko da mai shi ya rantse.

Sannan sifana. Waɗanda makanikanmu ke ɗaure Bajaj da Jincheng da su na milimita ne, ba za su zauna daidai kan notin Ingila ba, sai dai su murje masa kai. Nemi saitin Whitworth, wato tsohon awon notin Ingila. Triumph ma ta sauya zuwa awon Amurka a ƙarshen shekarun 1960, har ka iske iri biyu a babur ɗaya. Haɗa da abin zare fuli, da ma'aunin ƙarfin ɗauri, da littafin kayan gyara na ainihin shekarar injinka.

Ni dai in kuɗina ne, Bantam zan fara koyo da shi, sannan in nemi Triumph 650 ta bayan 1963 wadda ba a taɓa farke cikinta ba. In ka tayar da ita ranar farko, ka tuna giyarta a ƙafar dama take, birkin baya a hagu.