Kafin a Sayi Motar Farko: Zaɓin da ke Gaban Mai Shirin Jigilar Al'umma a Birni

Duk kwamitin da aka ɗora wa alhakin samar wa unguwannin birni ƙananan motocin jigila, abin da yake fara ɗauke masa hankali shi ne irin motar da za a saya. A ganina wannan tambayar ce ya kamata a bari sai daga ƙarshe, domin kuɗin sayen mota sau ɗaya ake fitar da shi, amma albashin direbobi da mai da inshora da kayan gyara kowane wata suna nan, kuma su ne suke durƙusar da irin wannan shiri bayan an watse daga bikin ƙaddamarwa.

Abin da za a fara tsayarwa shi ne yadda motocin za su riƙa zirga-zirga. Tsari na farko shi ne a ware hanya guda mai sanannun tashoshi da jadawali, kuma lissafinsa a fili yake. Idan zagaye ɗaya, zuwa da dawowa har da ɗan hutun direba, yana cin minti 40, ana kuma so kada fasinja ya jira fiye da minti 20, to dole mota 2 su kasance a kan titi, sannan a ajiye ta uku saboda ranar da ɗaya za ta kwana a gareji. Wannan ta ukun ita ake yawan sokewa idan kasafi ya matse, alhali tsohuwar da ta tsaya a tasha da katin asibiti a hannu, ta jira awa guda mota ba ta zo ba, da wuya ta sake dogara da shirin.

Tsari na biyu shi ne wanda fasinja zai kira mota ta waya ko ta manhaja, a haɗa shi da masu zuwa gefe ɗaya. Yana da daɗi ga mai hawa, kuma ya dace da unguwannin da gidaje suke a warwatse, sai dai mota ɗaya mutane kaɗan take kwasa a awa, don haka abin da ake kashewa a kan kowane fasinja yana da yawa. Birnin Helsinki na ƙasar Finland ya gwada shi da sunan Kutsuplus, masu hawa suka yaba, amma aka rufe shi a ƙarshen 2015 saboda nauyin tallafin da yake ci. Inda jama'a suke a cunkushe, tsayayyar hanya ta fi biyan buƙata.

Daga nan sai batun mallaka. Sayen motoci ya fi sauƙin kuɗi idan an duba tsawon shekaru, da sharaɗin akwai makanikai da wurin ajiya da wanda zai sa ido. Haya ta dace da lokacin gwaji. Ba wa kamfanin sufuri kwangila kuwa yana sauke wa hukuma ɗawainiyar direbobi da gyara, amma a lura da yadda aka rubuta yarjejeniyar: idan kuɗin motar da aka tara shi ne ladan kamfanin, direba zai ƙi tashi sai mota ta cika, jadawali ya rushe, idan kuma bisa kilomita ko awannin aiki ake biya, tare da tara a kan makara, zai tashi a kan lokaci.

Girman mota ya bi yawan fasinjan safiya. Toyota HiAce tana ɗaukar wajen mutum 15, Coaster kuma kusan ninkin haka, kuma kowacce direba ɗaya take buƙata. A tambayi dillali ko akwai matakala ko gangaren hawa da keken guragu, a kuma tabbatar kayan gyaran motar suna samuwa a kusa. Mai amfani da lantarki ta fi tsada wajen saye, ta fi rangwame wajen tafiyarwa. Birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya mayar da bas-bas ɗinsa sama da 16,000 masu lantarki zuwa ƙarshen 2017, amma sai da ya tanadi wuraren caji masu yawa, kuma duk wanda zai bi sahunsa dole ya sa kuɗin caja da na sauya batir a cikin lissafi.

Kuɗin mota kaɗai da wuya ya riƙe irin wannan jigila, saboda hanyoyin da 'yan kasuwa suka guje wa ake kai ta. Wasu sun zaɓi kyauta: Tallinn, babban birnin ƙasar Estoniya, ga mazaunanta tun 2013, ƙasar Luxembourg ga kowa tun 2020. Hasselt ta Beljiyam ta fara a 1997, amma bayan shekara 16 ta yanke shawarar dawo da biya ga manya da kuɗin ya gagara. Hanyar da na fi gamsuwa da ita ita ce ta Faransa, inda tun 1971 aka fara karɓar wani kaso na albashin da ma'aikatu suke biya don sufuri, yanzu daga masu ma'aikata 11 zuwa sama, domin kuɗi ne da ke shigowa kowace shekara. Tallan da ake liƙawa a jikin mota da gudummawar asibitoci ko manyan kasuwannin da hanyar ta ratsa ƙari ne kawai.

Kwamitin da yake farawa zai fi tsira idan ya ɗauki hayar mota 3 na wata 6, ya sa a ƙirga masu hawa a kowace tasha safe da yamma, sannan ya samu rubutaccen alkawarin kuɗin gudanarwa na aƙalla shekara 3 kafin ya sa hannu a takardar saye.