Gwajin jini na alamun sankarar bakin mahaifa: wa yake yi wa amfani?

Ɗakunan gwaji da dama suna tallata wannan awo a matsayin hanya mai sauƙi ta gano sankara: a ɗebi jini kaɗan a hannu, a auna SCC, CA-125 da CEA, wato wasu sinadarai da kan ƙaru a jini idan akwai sankara, a ba ki takarda. Ba kwanciya, ba buɗe jiki. Sauƙi kam akwai shi, amma ga macen da ke son sanin ko tana ɗauke da cutar, ba mu ba da shawarar a yi shi ba.

SCC ne ya fi kusa da wannan sankara, kuma galibi ana ɗaukar 1.5 ng/mL a matsayin iyakar da in ya wuce ta ake cewa ya hau. Matsalarsa, a matakin farko, lokacin da magani ya fi ci, mata da yawa awonsu lafiya lau yake fitowa. Rikiɗar ƙwayoyin bakin mahaifa da ke zuwa kafin sankara kuwa ba kasafai take nunawa a jini ba. Sannan yakan hau ba tare da sankara ba: ciwon ƙoda, tarin fuka, cututtukan fata masu sa saɓa. Ko yawu ko gumi ne ya taɓa samfurin, lambar na iya tashi, domin sinadarin yana nan a fata da miyau.

CA-125, mai iyakar 35 U/mL, ya fi dangantaka da sankarar ƙwan mace. Jinin al'ada, juna biyu da ƙarin mahaifa duk suna ɗaga shi. CEA kuma shan sigari kaɗai ya isa ya ɗaga shi.

Inda awon ya ci sunansa shi ne bibiya. Idan an riga an tabbatar da cutar kuma SCC ya hau kafin a fara magani, saukarsa alama ce mai kyau, sake hawansa kuma kan sa likita ya nemi hoto. A riƙa yi a ɗakin gwaji ɗaya, don na'urori sun bambanta.

Don tantancewa, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ita ce gwajin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa wannan sankara, daga shekara 30, duk bayan shekara 5 zuwa 10. Masu ɗauke da HIV daga shekara 25, duk shekara 3 zuwa 5. Mai ganin jini bayan saduwa ko bayan ɗaukewar al'ada, duba bakin mahaifa take buƙata, a yanki ɗan nama a auna in an ga abin zargi, komai kyan takardar jininta.