Hutun iyali a Antaliya: sharhi kan otal mai biyan kuɗi a dunƙule

Ga mai yara ƙanana da ke son hutu a bakin teku, tsarin otal ɗin nan da ake biyan kuɗin ɗaki da abinci da abin sha da wurin ninkaya gaba ɗaya tun kafin a iso ya cancanci kuɗinsa. Na faɗi haka da wuri ne saboda ƙorafin da ke tafe yana da ɗan yawa, kada wani ya zaci cewa nake a guje shi. A Antaliya muka gwada shi, birnin da ke kudancin Turkiyya a gaɓar Bahar Rum, ni da maigidana da yaranmu da surukata, Hajiya. Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ne ya haɗa mana tikitin jirgi da otal da motar da za ta ɗauko mu daga filin jirgi, muka biya a dunƙule.

Watan da muka zaɓa ya taimaka mana ƙwarai. A Yuli da Agusta zafin rana a Antaliya yakan kai digiri 34 har ya wuce, ga iska mai laima da ke hana gumi bushewa, kuma a lokacin ne Rashawa da Jamusawa da su kansu Turkawa ke cika gaɓar, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Mu a ƙarshen Satumba muka je. Makarantun ƙasar sun riga sun koma, cunkoso ya ragu, amma teku bai huce ba tukuna, yaro zai daɗe a ciki bai fito yana karkarwa ba. Wanda ya kai Nuwamba kuwa ya shiga lokacin ruwan sama, kuma otal-otal da dama na bakin teku rufewa suke yi sai sanyi ya wuce.

Abu na biyu da ya kamata a warware kafin a ba kowa ko sisi shi ne ɓangaren birnin da za a sauka, domin Antaliya gaɓa biyu gare ta kuma ba halinsu ɗaya ba. A yamma akwai Konya'alti, doguwar gaɓa mai kusan kilomita 7, duwatsun Toros na tsaye a bayanta, ruwanta garai-garai har ana ganin ƙasa. Sai dai tsakuwa ce, ba yashi ba, kuma taku kaɗan za ka yi ruwa ya shanye ka. Ga babba da ya iya iyo babu kamarta, ga kuma kusanci da cikin gari. A gabas akwai Lara, inda yashi yake, kuma nan ne aka jera manyan otal-otal, wani an gina shi da siffar fadar sarakunan Usmaniyya na Turkiyya, wani da siffar jirgin ruwa. Mu Lara muka ɗauka saboda autarmu, wadda ba ta da aiki sai haƙa rami da cika bokiti. Abin da tallan bai fayyace ba shi ne yawancin otal-otal ɗin da ake cewa suna Lara a can gaba suke, wajen Kundu, nesa da tsakiyar gari. Jirgin tiram da ke haɗa filin jirgi da cikin gari bai bi ta nan ba a lokacin da muka je, don haka duk fita sai bas ko tasi. Mai son ya riƙa leƙa gari kullum, ya sa wannan a lissafi.

A kan ɗaki ne muka fara samun saɓani. Takardarmu ta ce ɗakin iyali, kuma ma'aikacin kamfanin ya tabbatar wa maigidana ta waya cewa ɗakuna biyu ne. Da aka buɗe mana ƙofa sai ga ɗaki ɗaya mai faɗi, da gado babba, da kujerar da ake warewa ta zama gado, da labule a tsakani. Hajiya ta dube shi ta ce, "To Abban yara, a ina zan sa haƙarƙarina?" Ma'aikatan otal ɗin ba su yi mana gardama ba, sun dai nuna mana a kwamfuta cewa abin da kamfanin ya kama mana ke nan, ɗaki mai ƙofa a tsakani kuwa wani rukuni ne daban da kuɗinsa. Sai da muka yi ciko aka sauya mana washegari. Duk wanda zai yi tafiya da iyaye ko da yaran da suka fara girma, ya nemi a rubuta masa ƙarara cewa ɗakuna biyu ne masu ƙofa a tsakani, da adadin banɗaki, maganar baki ba ta da amfani a gaban teburin karɓar baƙi. Haka batun hangen teku: namu sai ka fita baranda ka karkata wuya kafin ka hango shi. Tsabta dai ba laifi, kullum ana gyara, na'urar sanyaya ɗaki na aiki, akwai ƙaramin firiji da ake zuba wa ruwan sha.

Abinci ne ya wanke musu laifi, kuma a nan ne na ga amfanin tsarin. Uwar da ta taɓa zama a gidan cin abinci da yaro mai tsirfa, ta yi odar abu ya ɗanɗana ya ture, ta sake odar wani, ta san abin da nake nufi. A nan kowa faranti yake ɗauka ya zaga ya ɗebi abin da ransa ke so, in bai yi masa ba ya sake, babu mai kawo takardar kuɗi. Da safe akwai burodi iri-iri, da simit, wato burodin nan mai kamar zobe da aka barbaɗe da riɗi, da cuku, da zaitun, da zuma, da ƙwai da ake soya maka a gabanka. Da rana da dare ba a rasa shinkafa, gasasshen nama da kaza da kifi, da miyar lentil, wani irin ƙananan wake, wadda Hajiya ta maƙale wa. Na kuma ci piyaz, haɗin farin wake da ake yi wa miyar niƙaƙƙen riɗi, wanda a Antaliya ake yin sa haka. Kowane kwano da takarda a gabansa da ke faɗin abin da ke ciki.

Wanda ya fi zama mini a rai shi ne gozleme. Kusa da gaɓa akwai rumfa, wasu dattijai mata biyu na zaune a ƙasa a kan darduma, da ɗan gajeren teburi a gabansu. Ɗaya ta ɗauki curin ƙulli ta murza shi da siririyar sanda, tana naɗe shi a jikin sandar tana warewa, har ya yi faɗi ya yi siriri kana iya hango zanen teburin ta cikinsa. Ta barbaɗa cuku da alayyafo a rabi, ta ninke, ta miƙa wa ɗayar, ita kuma ta ɗora a kan baƙin ƙarfe mai doro da wuta a ƙarƙashi, tana juyawa tana shafa man shanu. 'Yata ta tsakiya ta tsugunna a wurin ta ƙi tashi, har matar ta gutsuro mata ƙulli ta ba ta sanda ta ce ta gwada. Babu wadda ke jin yaren wata, amma aka yi ta dariya.

Sai dai bayan 'yan kwanaki za ka gane abincin juyawa yake yi, kazar jiya ce ta dawo da wata miya. Kuma a dunƙulen ba komai ne ke ciki ba. Lemon zaƙi da ake matsewa a gabanka, wanki, tausa, wasannin kan ruwa masu inji, ganin likitan otal, duk da kuɗinsu daban. Akwai kuma abin da ya tsaya mini a rai: giya na cikin lissafin farashin, ko ka sha ko ba ka sha ba, don haka iyalin da ba sa sha suna biya wa wasu ne. Akwai otal-otal da ba sa sayar da giya sam, masu wurin ninkayar mata daban da aka killace, da yawansu ta wajen Alanya suke, tafiyar kimanin sa'o'i biyu a mota gabas da Antaliya. Namu na gama-gari ne. Na shiga ruwa da kayan iyo masu rufe jiki babu wanda ya ce mini uffan, na kuma ga matan Turkawa da irinsu, amma shigar sauran baƙi ta sa Hajiya ta ƙaurace wa bakin ruwan da rana, sai da asuba take fita ta taka yashi bayan salla. Akwai ɗan masallaci a ƙasan bene, alƙibla kudu maso gabas. Ga iyali irin namu, wannan batu ya isa ya sauya zaɓin otal.

Wajen yara sun yi ƙoƙari. Akwai wurin ninkaya mara zurfi mai rumfa, da sulluɓa, da masu ceto a kan kujerunsu masu tsayi. Ɗakin wasan yara kuwa bai yi mana amfani sosai ba, domin masu kula da shi Turkanci da Rashanci suka fi ji, yaranmu suka leƙa suka fito. A gaɓa a kula da tuta: ja na nufin kada a shiga, rawaya a yi hattara. Kada kuma wani ya ce baƙar fata ba ta ƙuna, rana da gishirin teku sun saɓule wa ɗana kafaɗa duk da man kariya. Da tsakar rana yashin ma ba ya takuwa babu takalmi.

Kujerun kwanciya na bakin ruwa kuwa, kafin ka karya kumallo an riga an shimfiɗa tawul a kan kowace, masu su na can suna barci. Da dare akwai kiɗa da wasanni a dandali har wajen sha ɗaya, ɗakin da ke fuskantar wurin ba mai kwantar da jariri da wuri.

Babban haɗarin wannan tsari shi ne ya riƙe ka a cikin shinge. Ka riga ka biya abincin rana, sai ka ji fita asara ce, har ka koma gida ba ka ga Antaliya ba. Kuma gari ne da ya cancanci gani. Tsohon gari, Kale'ici, ana shigarsa ta Ƙofar Hadiriyan mai baka uku, wadda aka gina a shekara ta 130 miladiyya don tarbar sarkin Rum ɗin da ya ziyarci birnin. A ƙasan bakan tsakiya har yanzu ana ganin sawun da ƙafafun amalanke suka ci a dutse, yarana suka tsaya suna mamaki. Daga nan lunguna ne ƙanana da gidajen zamanin Usmaniyya masu baranda ta katako, har ka fito wajen Yivli, hasumiyar jan bulo mai tsaga-tsaga da Turkawan daular Saljukawa suka gina a ƙarni na 13, zamanin Sarki Ala'uddin Kaikubad. Hanyoyin daɓen dutse ne kuma gangare, keken jariri na shan wahala, amma akwai lif da ke sauke mutane daga saman gari zuwa tsohuwar tashar jiragen ruwa, shi ya ceci gwiwoyin Hajiya. A ɓangaren Lara kuma akwai inda kogin Duden ke zubowa daga kan dutse mai tsayin kimanin mita 40 kai tsaye cikin teku, da lambu a gefensa, shiga kyauta.

Aspendos, wani wurin tarihi a gabas da birnin, muka je da motar yawon da aka sayar mana a harabar otal, kuma ita ce ba zan sake ba. Wurin kansa abin kallo ne: dandalin wasan Rumawa da aka gina zamanin Sarkin Rum Markus Awreliyos a ƙarni na 2, kuma yana cikin waɗanda suka fi tsira da siffarsu a duniya, har yau ana wasanni a ciki. Maigidana ya tsaya a ƙasa ya yi magana ba da ƙarfi ba, muna can sama muka ji shi. Amma kafin mu isa sai da aka sauke mu a kantin kayan fata, a dawowa kuma kantin gwala-gwalai, aka cinye mana lokaci yara na kuka, aka bar mana ɗan abin da ya rage mu zaga abin da muka zo gani. Iyalin da suka kai cika tasi, gara su ɗauki shatar mota su je da sassafe su dawo kafin rana ta take.

Tasin garin rawaya ne masu mita, kuma a unguwanni da yawa akwai ɗan maɓalli a jikin falwaya ko bishiya, ka danna mota ta zo. Bas da tiram da kati ake shiga, ana sa masa kuɗi. A riƙe 'yan lira, kuɗin ƙasar, a hannu don ƙananan sayayya, in kuma na'urar biyan kuɗi ta tambaya da wane kuɗi za a cire, a zaɓi lira. Kantin magani Eczane ake rubutawa a jikinsa, kuma kowane dare akwai mai aikin kwana. Lambar gaggawa 112.

Ranar tafiya ƙarfe sha biyu ake barin ɗaki, jirginmu kuwa na dare ne. Sun ajiye mana kaya, sun bar mana abin hannun nan na roba da ke nuna kai baƙonsu ne, muka ci abincin rana, yara suka koma ruwa, akwai kuma banɗakin wanka na masu jiran tafiya. A ware kayan sauyawa da tawul a ƙaramar jaka tun da safe, domin da zarar akwatuna sun shiga ɗakin ajiya, fito da su aiki ne. Motar kamfanin ta zo da wuri sosai, saboda sai ta bi wasu otal-otal ta kwashi mutane kafin ta nufi filin jirgi.